Ɓarin Damar Tukur Mai Koyar da Iyo

Tukur ɗan mahauta ne, a unguwar 220 Logements aka haife shi, amma tun yana saurayi ya ajiye wuƙa ya bi ruwa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana koyar da iyo a fisin ɗin Treichville, babban tafkin simintin nan da ake ninƙaya a ciki. Duk wanda ya bi ta hannunsa ya haddace maganarsa: "Kada ka ɗaga kai. Juya ƙugu, kafaɗa ta bi, baki zai fito da kansa. Iskar kuma a cikin ruwa ake sakinta, ta hanci."

Shi kansa ta dama kaɗai yake shaƙar iska. Abokan aiki sun sha yi masa tsiya a kan haka, sai ya yi dariya ya ce dama ta ishe shi.

Wata safiyar Laraba yana saukowa daga gbaka, ƙaramar motar haya, a unguwar Bracodi, ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Sai da ya yi wata tara kafin ya iya takawa da sanda.

Ranar da ya ce zai koma ruwa, matarsa Saudatu ta ce, "Baban Ikilima, ka bari jiki ya ƙara ƙwari mana."

"Ruwa ya san ni," ya ce, harshensa na nauyi.

Ta raka shi, ta zauna a benci da tawul ɗinsa a cinya. Ya shiga inda ruwa ya tsaya masa a ƙirji, ya kwanta, ya saki iska. Da ya zo juyawa dama, kafaɗar ta ƙi tasowa. Ya gwada hagu, inda bai taɓa sabawa ba, hannun dama kuwa ya ƙi miƙewa gaba ya tallafe shi. Sai ya ɗaga kai. Ƙafafunsa suka nutse, ya ƙware, har sai da wanda ya gaje shi a aikin ya faɗa ya tsamo shi.

Sau shida yana komawa. A na bakwai Saudatu ta ɗauko tawul, ya ce ta mayar.

Yanzu yana wuni a rumfar naman ƙanensa Abdussamad a kasuwar Treichville, yana korar ƙuda. Kwanaki wata mata da ya taɓa koya wa iyo ta zo sayen nama, ta tambayi Abdussamad ko ya san inda Metir Tukur, wato Malam Tukur, yake, tana so ya koya wa 'yarta. Tukur na zaune a gefenta a kan kujera. Abdussamad ya dube shi, shi kuwa ya girgiza kai a hankali.

"Ba ya aiki yanzu, madam," in ji Abdussamad, ya miƙa mata ledar namanta.