Shafin da Inna Ta Naɗe Daddawa da Shi

Ana sallame sallar asuba muka baro masaukinmu a Al Buteen, ni da abokin tafiyata, ɗan kasuwar atamfa. Shi sari ne ya kawo shi Dubai. Ni kuwa tsofaffin mujallun kwamfuta nake nema, na zamanin da ake wallafa wasan kwamfuta a takarda, ka kwafe shi layi-layi cikin na'ura kafin ya fito a talabijin.

Muna yara a Kano, ni da Yayana mun sha wahalar kwafar wani wasa, muka zo ƙarshe babu shafin ƙarshe. Ashe Inna ta yage shi ta naɗe daddawa. Yaya ya rasu bai ga wasan ya tashi ba, abin yana cina har yau.

Titin Ras Al Khor sumul, sai tireloli da warin baƙin mai. Muka karya da shayin karak mai madara da kayan ƙamshi, abu ɗaya tilo mai araha a garin nan. A wani sito bayan masu kayan mota, wani dattijo Ba'indiye ya nuna mana kwalayen da za a kai injin niƙa takarda. Na durƙusa ina tono, gumi har cikin ido. A kwalin ƙasa na sami mujallar wasan nan, shafin ƙarshe lafiya lau, da 'yan'uwanta jibgi guda.

Sai maganar nauyin kaya a jirgi. Akwatina ya riga ya cika da tsaraba, dabino da turare da abayoyi.

"Haba Malam," in ji abokina, "ka zo Dubai ka koma da bola? Ɗauki ɗaya, khalas, shi ke nan, yalla mu tafi."

"Alhaji, dabino ko a bakin asibiti akwai shi."

Na juye tsarabar a kwantenar kayansa da za ta biyo ruwa, ta iso ran da ta ga dama. Mujallu suka hau jirgi tare da ni.

A gida dangi suka kewaye akwati, aka buɗe, sai tsofaffin mujallu. Masu gunaguni suka yi, ban ba kowa haƙuri ba. Inna ta murza shafi ɗaya ta ce, "Wannan takarda da kauri take." Tun ranar akwatin yake da kwaɗo.

Na jona tsohuwar na'urarmu, na kwafe wasan har ƙarshe. Wani ɗan mutum mai kai kamar kwalin ashana ya fito yana tsalle. Na yi dariya, na yi hawaye, na yi wa Yaya addu'a.

Abin da na koyo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nawa shafi ɗaya ne, kuma na toshe shi.