Makullin Jif ɗin Malam Sule

A duk shekarun da na yi ina gyaran makullai a garejin ƙaramar hukuma, akwai wata Litinin da har gobe ba ta fita raina ba. Ku da kuka taso ana danna maɓalli mota ta buɗe, ku gyara zama.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne. Kayan gyara sun ɓace a kasuwa, taya ta gagari mutane, yawancin motocin hayar ƙauyukanmu na arewa da Ɗambatta an ɗora su kan duwatsu. A ofis kuwa wata ba ya ƙarewa sai an liƙa sunayen waɗanda aka sallama. Laifi kaɗan ya ishi mutum.

Muna da wata tsohuwar jif ƙirar Ingila da ake kai taki da iri ƙauyuka da ita. Direbanta Malam Sule, mutum ne shiru-shiru, saura shekara biyu ya yi ritaya. Ƙa'idar aiki ita ce ran Juma'a ya ajiye mota a yadi, ya rubuta abin da agogon mil ya nuna, ya tafi gida da makulli, wanda ƙwaya ɗaya ne tak. Sai aka lura sau uku ana wayar garin Litinin agogo ya ƙaru. Injiniya, shugaban sashenmu, ya ba shi takardar tuhuma, wato ya wanke kansa a rubuce cikin kwana uku, ko a kore shi ba fansho ba garatuti. Malam Sule ya rubuta cewa bai taɓa motar ba, bai ƙara ko harafi ba. Ni kaina ya ba ni haushi. Mutum da 'ya'ya takwas, ana shirin yanke masa abinci, ya tsaya yana kawaici?

Ran Litinin ɗin Injiniya ya kira ni ya ce in canza gidan makullin, tunda mai shi tafiya zai yi, kada ya zamana ya yanka wani ya ɓoye.

Motocin Ingila na da suna da lamba a fuskar gidan makulli, ita ke gaya maka irin yankan. A ciki kuma akwai 'yan haƙoran tagulla guda biyar, kowanne da ɗan sifirin ƙarfe mai tura shi, sai makullin gaskiya ya jera su daidai sannan ya juya. Da na kwance na zazzage a kan tsumma, sai na ga haƙoran sun cinye sumul, sifirin uku sun mutu. Na mayar da su, na zura makullin akwatin kayan aikina, ya juya kamar don shi aka yi.

Ina tsugune sai ga Baba Audu maigadi, tsohon soja ne da ya yi tuƙi a bariki. Ya matso ya ce, "Malam, ni ne. Ran Lahadi in an kawo mai naƙuda ko wanda maciji ya sara, ba mota a tasha, nakan kai su asibitin Ɗambatta. Fetur kuma dangin marar lafiya ke zubawa. Sule ya sani, shi ya hana ni magana. Ya ce shi yana da gona, ni ba ni da ko kunyar shuka ɗaya."

In na yi shiru Malam Sule ya tafi, in na faɗa tsoho ya tafi. Na ce, "Baba, koma bakin ƙofarka, ka bar ni da ƙarfe."

Na mayar da komai yadda na same shi, na je na ce wa Injiniya, "Ranka ya daɗe, kafin a sa hannu a takardar nan, a zo a ga wani abu." Ya fito da akawunsa. Na roƙi makullin kabad ɗin ofishinsa, na zura, mota ta tashi. Na karɓi na kwaɗon keken akawu, ta tashi. Na ari cokali wurin mai shayi na sa gindinsa, ta sake tashi. Akawu ya kasa riƙe dariya.

Injiniya bai yi dariya ba. Ya ce, "To wane ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, iyakar abin da gidan makullin nan ya nuna, duk mai cokali a garin nan yana iya tayar da ita. Ba za a ce sai mai makulli ba."

Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce in gyara in kawo masa makulli biyu. A ranar aka janye tuhumar.

Sabon gida kam babu shi ko a Kano. Sai na kwance na ƙofar baya, wanda ba a cika taɓawa ba, haƙoransa garau. Na sauya musu jeri don kada tsohuwar lambar ta yi aiki, na samo makullai biyu na wata mota da ta mutu, na zauna da magagari ina ci kaɗan-kaɗan ina gwadawa har la'asar. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Amma ina gogawa ina tunanin ran Lahadi mai zuwa, don na san da hannuna na kulle motar.

Na kai wa Injiniya makullan. Ya ware ɗaya ya ce na Malam Sule ne. Ɗayan ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Na duba littafi. Ɓarawon nan fetur ba ya raguwa a hannunsa, kuma a wanke yake dawo da mota." Ya miƙo mini ya ce, "Kai wa maigadi ya rataye a ɗakinsa saboda lalura. In an fita, a rubuta."

Malam Sule ya cika shekarunsa ya karɓi fanshonsa. Bai taɓa ce mini ya gode ba, sai dai duk kaka in tarar da damin gero a zaurena.

Abin da nake so ku riƙe, idan aka ce ku canza makulli, ku fara buɗe tsohon ku duba cikinsa da kyau, don sau da yawa abincin wani yana rataye a wurin. Ku faɗi abin da ƙarfe ya nuna, kada ku rage, kada ku ƙara. Ragowar ku bar wa manya, wani lokaci sun fi mu gani.