Almu Rewaya, Mai Gyara wa Tsofaffin Motoci Ido

Kafin masu shayin tashar Batsari su gama hura wuta, Malam Almustapha ya riga ya share rumfarsa. Ba kowa ya san shi da wannan dogon suna ba, amma ka ce Almu Rewaya, ko akuyar tasha za ta kai ka gindin darbejiyar da yake zama. Yakan shimfiɗa buhu, ya jera filaya da sukundireba da ƙullin wayoyi ja da baƙi, ya sha kokonsa a tsaye, sannan ya zagaya motocin da suka kwana wurinsa yana dafa kowace a bonet kamar mai gaida majinyata. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan zagaye. A ƙarshen watan nan zai ajiye filaya, domin idanunsa sun fara yi masa gardama, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana ji da kunnensa.

Majinyatan nasa tsofaffin a-kori-kura ne, masu jigilar gero da wake da tumaki tsakanin kasuwa da ƙauyuka, daga Wagini har Zakka da Babban Duhu. Wasunsu sun girmi direbobinsu. Fitilunsu na da jajaye ne, raunana, ga shan batir. Direba na kunna su sai ka ji muryar inji ta sauya, amma duk da haka ba ya ganin rami sai ya faɗa ciki. Da ƙwayayen LED suka shigo, masu farin haske da ƙarancin cin wuta, kowane rewaya ya koyi cusa su a mota cikin minti goma. Almu kuwa sai ya ɓata yini guda. Zai wanke gilashin da ya dushe, ya zare wayar da ta ruɓe, ya sa fis, ya tabbata ƙwan ya zauna daidai a gurbinsa, sannan ya haska bangon rumfarsa inda ya ja layi da gawayi. In haske ya haura layin nan, motar ba ta fita, don ya ce daidai nan idon mai jaki yake. Direbobi sun sha yi masa tsiya cewa ya fi tausayin jaki a kan mai mota, shi kuwa bai taɓa musu ba.

Ni malamin makaranta ne a Safana, kuma rabin rayuwata a bayan irin motocin nan na yi ta, zaune kan buhu. Ba na mantawa da ranar da na fara shiga wadda Almu ya sauya wa fitila. Da kaka ne, magariba ta kawo jiki. Direba ya kunna wuta, sai hanyar da na yi shekaru ina bi ta fito mini sabuwa. Ganyen dawa ya yi fari sol dama da hagu, ƙananan ƙwari suna shawagi cikin hasken a hankali, can gaba idanun shanu suka yi kore suka ɓace. Na ji kamar ba tafiya muke ba, ruwa ne yake ɗauke da mu. Wani tsoho kusa da ni ya ce, "Ashe haka hanyarmu take?"

Amma ba don wannan nake jinjina wa Almu ba, don abin da ya faru a wata 'yar ruga ne bayan Wagini.

Akwai wani direba, Manu, mai wata a-kori-kura da mutanen rugarsu suke kira Mai Kanne. Idonta na hagu rauni gare shi, ruwan ɗorawa ne, kuma akwai wata waya da ta saki, ta yadda duk lokacin da motar ta faɗa ramin da ke gindin kukar shiga ruga, sai idon ya ƙifta. Da wannan suke gane ta tun kafin ƙararta ta iso. Mahaifiyar Manu, Inno, kullum da yamma tana ƙofar gida da ƙwaryar wake tana tsinta. Manu ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa, balle ta yarda shi take jira. Amma kowa ya san waken nan ba ya ƙarewa sai Mai Kanne ta ƙifta a gindin kuka.

Ranar da Almu ya gama wa motar aiki, ya ɗaure wayar, ya sa mata fararen idanu biyu daidai wa daida, Manu ya kama hanyar gida yana murna. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, daga nesa fararen fitilu biyu ba su da maraba da babura biyu a jere, kuma a shekarun nan kowa a yankinmu ya san abin da babura a jere da almuru suke nufi. Wata mata ta ƙwala ihu. Kafin Manu ya wuce kuka, ruga ta watse cikin dawa. Ya iso ya tarar da tuwo kan wuta, takalma a warwatse, wake a zube ƙofar gida. Ya tsaya yana kiran, "Ni ne! Jama'a, ni ne!" Da ƙyar aka fito. Inno sai ɗauko ta aka yi, ta yi targaɗe a kunyar gona.

Ƙafa ta warke cikin mako biyu, amma Inno ba ta sake fitowa ƙofa ba. Da la'asar ta yi sanyi sai ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Abinci ma ta rage. Abin da kawai ta ce wa wata maƙwabciya shi ne, "Na guje wa wanda na haifa."

Manu ya koma rumfar Almu rai a ɓace. "Baba Almu, cire min abin nan, ka maida min tsoffin ƙwayayena."

"Waɗanda suka kusa jefa ka kwazazzabo har sau biyu? Ba ni maida ka duhu, Manu."

"To ni mi zan yi? Tsohuwa ta bar fitowa."

Wanda ya ba ni labarin ya ce Almu ya daɗe yana kallon layin gawayin bangonsa. Daga baya ya ce, "Laifina ne. Na duba idon direba, na duba na mai jaki, ban duba na mai jira ba." Ranar kasuwa ce, motoci sun yi layi, amma ya naɗe buhunsa ya ce Manu ya tada mota.

Sun isa da sauran rana. Almu ya durƙusa bakin ɗakin Inno, aka gaisa, aka tambayi gida da shanu da jikin tsufa, aka sake gaisawa. Sannan ya ce, "Inno, ni ne na ɓata idon motar nan. Na zo ki koya mini yadda yake da."

Murya ta fito daga ciki. "Kai da ka san ƙarfe, mi tsohuwa za ta koya maka?"

"Ni daga gaba nake ganinta, taku uku. Ke ce kika san ta daga nesa."

A hankali ta fara faɗa, ƙyaure a rufe. Ta ce na dama ya fi ƙarfi. Na hagu kalar man shanu ne, yana kallon ƙasa kamar mai jin barci. In ta zo kuka takan ƙifta, wani lokaci sau biyu. Almu ya yi dariya har da hawaye, ya ce shekara talatin yana farautar sakakkiyar waya, yau ga shi an aike shi ya maido da ita.

Ya manna siririyar leda ruwan ɗorawa a gilashin hagu, ya ɗan sunkuyar da ƙwan, ya kuma haɗa wa Manu wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari wanda zai ƙifta idon da shi. Aka sanar da mai unguwa da kowane gida cewa gwaji za a yi. Bayan an idar da sallar magariba, Manu ya koma bayan kuka da mota. Almu kuwa ya zauna a ƙasa, daidai inda Inno take zama, domin ya gani da idonta.

Zuwan farko, muryar Inno ta fito ta tsagar ƙyaure: "Wannan manja ne, ba man shanu ba." Ashe tana leƙe. Almu ya rage leda. Zuwa na biyu ta ce ƙiftawar ta yi sauri, motar ba ta da rawar kai haka. Manu ya sake komawa. Lokacin nan sama ta yi shuɗi mai duhu, hayaƙin murhu ya kwanta kan dawa, shanu sun lafa. Haske ya ɓullo can nesa, fari a dama, mai laushi a hagu, yana tahowa yana lilo. Da ya zo gindin kuka, ya lumshe, ya buɗe, ya sake lumshewa. Almu ya ji motsi a bayansa. Inno ce tsaye bakin ƙofa, hannunta dafe da ƙyaure.

"Shi ne," ta ce. Sannan ta juya ta tambayi wanda ya ɗauke mata ƙwaryar wake.

Tun daga ranar, babu a-kori-kurar da ta bar rumfar Almu da sabuwar fitila ba tare da alamarta ba. Ta Zakka tana da ɗan koren ƙwai a goshi, wata ta wajen Babban Duhu jajaye biyu a ƙasan bamba. Kuma yakan sa direba ya fara kai motar ƙofar mai unguwa da rana tsaka, a kunna, kowa ya gani ya shaida. Sau da yawa da kansa yake rakawa, a bayan mota, gwiwa na ciwo.

Almu, kai ne ka gane cewa hasken mota ba na direba kaɗai ba ne. Kai ne ka ɗauki laifin da ba wanda ya ɗora maka, ka zauna a turɓaya kana karɓar gyara daga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe filaya ba. Shekarun da ka yi kana duban farar wuta ido da ido don ka daidaita mana ita, ga shi yau naka idon ne ya dushe. Wallahi abin yana taɓa mini zuciya, ba zan ɓoye ba.

Ku kuma masu gyara da ke tasowa, a Batsari da Safana da ko'ina, sa ƙwai a mota ba wuya. In kun gama, ku taka ku je inda ake jiran motar, ku zauna a ƙasa ku duba.

Makon jiya Manu ya faɗa wa Inno cewa Almu zai bar aiki, ko fuskar mutum ba ya tantancewa sai an matso. Washegari ta ba shi ɗan kwanon man shanu ya kai masa, da saƙo. Ina wurin aka isar da shi. Ta ce, "Ka ce wa Malam kada shi damu don bai gane mutane. Shi dai shi riƙa zuwa. Mu za mu gane shi tun daga nesa."

Mun gode, Almu. Allah Ya haskaka maka yadda ka haskaka mana.