Shirun MaMlilo a Motar Johannesburg

A unguwar Pumula ta Bulawayo, a ƙasar Zimbabwe, kafin ka hango MaMlilo ka ji muryarta. Tun tana amarya take saƙa ƙyallayen rufe tebur da kujera, in jaka ta cika ta hau motar Johannesburg ta bi gida-gida tana talla. Da kwarashin nan ta raini 'yarta Sithabile bayan rasuwar mijinta, har yarinya ta gama sakandare. Jami'o'i biyu suka ce ta zo ta karanta haɗa magunguna, ɗaya a Johannesburg, ɗaya a Poland.

Sithabile ta ce Johannesburg take so. Kawunta Dumoluhle, ƙanen MaMlilo, direba ne mai kai saƙo tsallaken iyaka, ya tafa mata.

"Yaya, yarinyar nan ta fi ki hankali. Duk wata zan dire mata garin masara da busasshen ganye har ƙofar ɗaki. Poland ɗin nan wace mota ke zuwa? Ko a ka za ki ɗauka?"

"Kai da ko mahaɗar Gwanda sai ka yi tambaya? Rufe mana baki."

Aka yi dariya, amma MaMlilo ba ta ce ta yarda ba. Ta san 'yarta. Ta ga yadda take kallon hotunan ɗakunan gwaji na Poland a waya, in ta ji motsi ta kife ta. Don kada uwa ta zauna ita kaɗai ne ta zaɓi kusa.

Da tafiyar Johannesburg ta zo, MaMlilo ta ce Sithabile ta raka ta, ta ga makarantar da idonta. Makaranta kam ta yi kyau. Sai dai a ƙaramar motar haya ta cikin gari, yarinya ta ɗaga murya tana ba da labarin maƙwabciyarsu ta Pumula, uwar ta matse mata gwiwa. Har suka sauka MaMlilo ba ta ce uffan ba, ko inda za a ajiye su da yatsa ta nuna.

"Mama, lafiya? Ke da ake ce wa rediyon Pumula?"

"Haka nake shiga motar garin nan tun ba a yaye ki ba. In suka ji harshenki sun san daga inda kika fito. Wata rana a ƙyale ki, wata rana ki ji abin da ba kya so."

"To ai a Poland ma baƙuwa ce ni. Can ko ban yi magana ba fatata ta faɗa."

MaMlilo ta sauke jakar, ta zauna a kanta a bakin titi.

"Gaskiyarki. Ban san can ba, ba zan ce miki ya fi nan ba. Abin da na sani, in kin zo nan saboda ni, abu na farko da zan koya miki shi ne shiru. 'Yar nan, cire ni daga ciki, ki gaya min inda kike so."

Sithabile ta dube ta.

"Poland. Amma sai na gama zan iya dawowa, Mama."

"Na sani," in ji MaMlilo. Ta miƙe da ƙyar, ta kama hannun jakar guda. "Kama ɗayan. Akwai layin da 'yan gwanjo ke sayar da rigunan sanyi masu kauri. In mun shiga, ni zan yi ciniki."