Mai ɗinkin salka a Cirozerin

Tana zaune a gindin aduwa kusa da rijiyar Cirozerin. Shunin mayafinta ya rine mata wuya, yatsunta duk sun yi kanta. Salka take ɗinka wa masu neman duwatsu, waɗanda motarsu za ta yi arewa, kwana huɗu babu rijiya.

Ta cika ta da ruwa ta rataye. Nasaran da ke shugabantar tafiyar ya latsa, ya ce, "Ekselan!" Ni da nake tsaye a gefe ina kallo, na san kalmar tun ina karatu a Dakar: abin da ya kai ƙarshen kyau, babu sauran gyara.

Ita ko kallonsa ba ta yi. Tana bin ɗinkin da kuncinta, ido rufe, tana neman laima. Can ta tsaya, ta zaro wuƙa.

"Haba Inna," in ji direban, Akoli, "Nasara ya ce ta yi!"

"Shi ruwansa yana kwalba, ɗana. Kai za ka sha wannan."

Wataƙila ta taɓa jiran wani da bai dawo daga hanyar nan ba. Na kasa tambaya. Nasaran yana duban agogo, ita kuwa tana farke ɗinkin tun daga farko.