Dala Biyun Wuyan Kalibu

Duk wanda ya zauna Sabon Garin Maraɗi a shekarun soja ya san Saloma mai ƙosai, mutuniyar Tibiri, mai kasko a gindin dogon yaro. Mace ce da ba ta ɗaga kai. Idonta na kan mai, yatsanta ke tantance kuɗi, ta jefa gwangwani. Jibo mai shayi, maƙwabcinta, yakan ce ko aljani ya zo sayen ƙosai, Saloma canji za ta miƙa mashi.

Ɗa ɗaya gare ta, Kalibu. Lokacin da yake haƙori zawo ya kusa tafiya da shi, sai kakansa maƙeri ya ɗauko tsohuwar dala biyu ta zamanin Nasara, mai kan barewa, ya huda ya rataya mashi a wuya kamar yadda ake yi wa yara. Hujin farko ya kauce, tsohon ya yi tsaki ya sake wani a gefensa. Matan majami'a suka yi ta gunaguni wai camfi ne. Saloma ta ce ita ba laya ta gani ba, hannun babanta ta gani. Kalibu har ya yi gemu bai cire ba.

Sai fari ya zo. Gero ya bushe a tsaye. Kalibu ya nemi ƙwadago a lambunan Jiratawa, ya tarar masu nema sun fi aikin yawa. Ya ce, “Inna, zan ƙetara Najeriya. Ba za ki gan ni ba sai da buhun hatsi a kaina.” Kai, yaro da alkawari! Bayan tafiyarsa aka rufe iyaka. Damina biyu, ko saƙon baki babu. Kewa ta ci Saloma har zanenta ya yi mata yawa.

Wata safiya, kasuwa ta lafa, ta sa hannu a gwangwani don ba da canji, sai yatsanta ya tsaya kan wani kuɗi sumul, duk ya suɗe. Ta miƙa wa Jibo.

Ya juya shi a rana. “Gwaggo, yau an yi maki wayo. Tsohon kuɗi ne, dubi ƙahon barewa da kyar ake gani. Har liƙi aka yi mashi da dalma.”

Ta fizge, ta sa tsinken tsamo ƙosai ta ƙwaƙule. Dalma ta faɗo. Huji. Ta ƙwaƙule gefensa. Wani hujin, karkatacce.

“Jibo, wa ya ba ni wannan?”

“Ina zan sani? Af, tsaya. Akwai wani dogo, ramamme, ya rufe fuska da rawani. Ya daɗe tsaye yana kallonki. Ya saya, ya koma jikin katanga ya ci, ya yi wajen tasha. Ko ƙunshi babu a hannunsa.”

Ta bar kasko a wuta, ta ruga tasha babu takalmi. Mota-mota ta bi tana kiran sunansa. A ranta tana cewa, wa ya tambaye ka buhu, ɗan nan? Ba ta same shi ba.

Ta ɗaura kuɗin a wuyanta da zare. Shekara goma sha wani abu ta ƙara a gindin dogon yaron nan, kuma masu saye suka ce ƙosanta ya fara ƙonewa. Gaskiyarsu ne. Tun daga ranar, ba ta ƙara karɓar kuɗin kowa ba sai ta kalli fuskarsa.