Baƙin Allon da Ba Ya Amsawa

A gidanmu na Nasarawa Gwom, idan ka yi wa mutum magana bai amsa ba, to akwai matsala. Da wannan tarbiyya na shiga ɗakin kwamfuta na jami'a a shekarata ta farko, kuma ita ce ta kusa korata daga karatun.

Kafin nan na saba da shagon intanet, inda kake jan maus ka danna hoto abu ya buɗe. Har ina ganin na iya. Sai malaminmu, wani dogo mai saurin Turanci, ya ce a manta da maus. Ya buɗe mana baƙin allo, ba hoto ba komai, sai wani ɗan layi yana ƙyaftawa a kusurwa. Wai da rubutu za mu riƙa ba kwamfutar umarni. Ya zuba gajerun kalmomi a allon bango, mkdir, cd, ls, ya ce ƙarshen zango akwai gwaji, wanda ya faɗi ya nemi wani sashen. Ya kaɗe alli daga hannunsa ya fice.

Kwamfutocin ba su isa ba, aka zaunar da mu bibbiyu. Abokiyar zamana 'yar Kuru ce, 'yar wani fasto, mai dariya da ƙarfi. Tun da ta ji sana'ar babana ta laƙaba mini "ɗan tela".

Ranar farko muka rubuta ls, mai nuna abin da ke cikin wuri. Shiru. Muka rubuta mkdir gwaji, wato a buɗe sabuwar ma'ajiya mai suna gwaji. Layin ya sauko ƙasa ya ci gaba da ƙyaftawa. Ko "to" ba ta ce ba.

"Ɗan tela, wannan kwamfuta ya mutu ne?" in ji ta. "Abeg sake bugawa."

Na sake. Nan take allon ya watso mana layin ƙorafi, wai ba zai yiwu ba. Ko ƙarshen layin ba mu karanta ba, gabanmu ya riga ya faɗi. Muka canza suna, shiru. Muka maimaita, faɗa. Daga nan muka yanke hukunci: karon farko ba ta ji, karo na biyu ta ji amma mun yi kuskure. Wane kuskure? Oho. Haka muka kwashe makonni, ina buga maɓallan da ƙarfi kamar da kurma nake magana. Na kusa da mu ma a ruɗe suke, kowa na rufe allonsa da kafaɗa. Malam kuwa in ka tambaye shi sai ya ce ka karanta abin da ke gabanka. To me zan karanta, alhali babu komai?

Raina ya ɓaci matuƙa, don a gida ma shirun ne. Ranar da na gaya wa Baba na samu jami'a, ya dube ni ta saman tabarau ya ci gaba da taka kekensa. Ba madalla, ba a'a. A shagon ɗinkinsa akwai keke na biyu, nawa, an lulluɓe shi da ƙyalle. Duk sanda na shigo sai in ga kamar jirana yake, shi da mai shi. Wata rana na bar ɗan faifan da muke ajiye aiki a ciki kan teburin yanka, ina yi wa Inna mitar yadda wani irinsa ya fashe a aljihun wandona cikin matsatsin bas. Baba ya ɗauka, ya juya shi a tafin hannu, ya ajiye. Na ce a raina, kallon abin wasa yake masa.

Da gwaji ya matso na gama shawara: gara in dawo da ƙafata kafin a koro ni. Asabar na je shago da niyyar faɗa masa. Na rasa ta inda zan fara, sai na yaye ƙyallen na zauna na haɗa hannun wata riga. Na miƙa masa. Ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya ninke, ya ɗora kan waɗanda aka gama.

Haushin makonni ya taso mini.

"Baba, ba ka ce komai ba."

"Me zan ce?"

"Ya yi ko bai yi ba?"

"Da bai yi ba ai da ka ji ni."

Na tsaya riƙe da zare kamar sakarai. Maganar barin karatu ba ta fito ba ranar.

Litinin da sassafe na ja 'yar Kuru zuwa ɗakin kwamfuta. Na rubuta mkdir da sabon suna sau ɗaya, shiru. Ta kai hannu za ta maimaita, na tare maɓallan. Na rubuta ls, wanda muka daina kulawa tun ranar farko. Sai allon ya cika: gwaji, gwaji2, sabo, abeg, donAllah, haba. Duk ma'ajiyoyin da muka roƙa, ga su a jere. Ashe tun farko tana yi, ƙorafinta kawai an sa ta aikin da ta riga ta gama. Ranar farkon ma ba ta nuna komai ba ne don babu komai a wurin.

'Yar Kuru ta yi dariya har mai kula da ɗakin ya leƙo. "Oga yi haƙuri," ta ce, tana share hawaye. "Ashe mu ne mun mutu, ba shi ba."

Ni dai dariyata ba ta yi nisa ba. Kwamfuta kana iya rubuta ls ka ga abin da shirunta ya haifar. Baba fa? Shirun riga daban, shirun jami'a daban, ko kuwa duk ɗaya ne? Na kasa rabewa.

Ranar gwaji na sa sabuwar jamfar da ya ɗinka mini, wadda na tarar a ninke kan katifata. Bas ta cika maƙil, na rasa inda zan ɓoye faifan, sai na ji wani abu ta cikin ƙirjin rigar. Aljihu ne, ta ciki, mai kusurwa huɗu, da shafi biyu da ɗan maɓalli. Na zura faifan. Ya zauna daram, ba ragi ba ƙari.

A ɗakin gwaji kowane umarni sau ɗaya na rubuta shi, in janye hannuna in ɗora kan cinya. Muka ci, ni da ita.

Da yamma na tsaya a ƙofar shago.

"Baba, na ci."

Bai ɗago ba. Ya kai ƙarshen ɗinkin da yake yi, ya ce, "Miƙo min almakashi."

Na miƙa masa, na ja ƙyallen na gyara wa kekena lulluɓinsa.